Lemun Tsami Da Rake A Ƙasar Barazil

Tun da na komo daga tafiyan nan da na raka maigida ƙasar Barazil, duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, da ta zauna sai ta ce, “To, me su ke ci a can, me su ke sha?” Ba wadda ta tambaye ni labarin ƙwallo, an bar wa maza wannan. To, yau zan ba ku labarin wani abin sha nasu guda ɗaya. Ban ko ɗanɗana shi ba, amma duk abin da na ci a ƙasan nan ba wanda ya tsaya mini a rai kamarsa.

Barazil tana Amurka ta Kudu ne, ƙetaren teku daga Ikko. Mu jihar Bahiya muka sauka, a babban birninta Salbador. Mutanen Fotugal suka kafa shi a 1549, shi ne kuwa hedkwatar ƙasar duka har 1763. Garin hawa biyu ne, rabi a bisa tudu, rabi a ƙasa bakin ruwa, akwai kuma wani ɗaki mai hawa da sauka da ke sada su tun 1873, tsawon hasumiyarsa mita 72. Aka shiga da ni ina riƙe da hannun maigida, ban gama addu'a ba sai ga mu a ƙasa. Abin da zai fara ba ki mamaki a garin shi ne fuskokin mutane. Cikin mutum 10, wajen 8 baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Sau nawa na ke hango wata mace in ce lalle na san ta a unguwarmu! A kowace kwana kuma ga mata sanye da fararen kaya da babban ɗankwali suna tuyar ƙosai. Ƙosai dai namu na wake, sai dai da manja su ke soya shi, su tsaga cikinsa su zuba yaji da jatan lande. Akaraje su ke ce masa, sunan kuwa daga bakin Yarabawa ya fito.

Bayan kwana 4 muka bar birnin muka nufi wani tsohon gari wai shi Kashuwera, tafiyar wajen mil 70. Hanyar ta ratsa ƙasar da ta kewaye babban lungun tekun da Salbador ke bakinsa. Ƙasar baƙar laka ce mai danƙo irin ta fadama, wadda rake ke so. Ita ta ciyad da Turai da sukari shekaru aru-aru. Yanzu noman ya ja baya a nan, fiye da rabin raken Barazil a jihar San Faulo a ke noma shi, can kudu. Amma har yanzu ki kan wuce gonaki wajen Santo Amaro, ki kan kuma hangi kangon tsohuwar ma'aikatar sukari, dogon bututun hayaƙinta na tsaye cikin ciyawa shi kaɗai. Ba ƙasar da ta kai Barazil rake a duniya, abin da su ke sara a shekara ya haura tan miliyan 600, har motocinsu da yawa da man rake su ke tafiya.

Kashuwera tana bakin kogin Faraguwasu, da wata gada ta ƙarfe tun ta 1885 wadda ta haɗa ta da garin da ke ƙetare. Aka saukad da mu a gidan wata dattijuwa mai ba baƙi haya, baƙa wuluk, shekarunta sun kai 70. Kowa Dona ya ke ce mata, watau uwargida, ni ma haka na riƙa kiranta. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Fotugis, sai jikanyarta mai karatun tarihi a jami'a ta zama tafintanmu.

Da rana ta yi sanyi aka fito da kujeru tsakar gida. Watan Nuwamba ne, lokacin da mu ke jiran hunturu su kuwa zafi ke shigo musu. Dona ta ɗauko faranti da lemun tsami, da sukari, da ƙanƙara, da wata kwalba mai ruwa garau kamar na famfo. Ni kuwa kun san halina, in mace na aikin hannu ba na iya zama nesa. Na jawo kujera na matso.

Ga yadda ta yi. Ta ɗauki lemo ɗaya, kore shar, mai laushin ɓawo, ya kusa ƙwan kaza girma, ba shi da ƙwallo a ciki. Ta murza shi da tafin hannu a kan tebur don ruwan ya saki. Ta gutsure kansa da gindinsa da wuƙa, ta raba shi biyu a tsaye, sa'an nan ta yanke farar jijiyan nan ta tsakiya ta yar. Ta ɗaga mini ita ta yamutsa fuska, na gane ba sai an fassara ba: nan ɗaci ya ke. Ta yayyanka sauran, ta jera a cikin wani gajeren tambulan mai kaurin gindi, ɓawo a ƙasa, tsoka a sama. Ta zuba farin sukari cokalin shayi 2. Sa'an nan ta ɗauko wata 'yar taɓarya wadda ba ta fi taki ɗaya ba. Na zaci daka za ta yi, ashe a'a. Dannawa ta ke yi tana ɗan murɗa hannu, sau 5 ko 6, ta tsaya. Jikanyar ta ce wai gwanintar duk a nan ta ke. In aka danna daidai, ruwan ya fito ya narkad da sukarin, man da ke jikin ɓawon ya ba da ƙanshi. In aka kirɓa shi kamar sakwara, ɓawon ya fashe, ɗaci ya ɓata kome. Ta cika tambulan da fasasshiyar ƙanƙara, ta tsiyaya ruwan kwalban nan kamar cokalin cin abinci 3 ko 4, ta juya da cokali daga ƙasa zuwa sama. Ba a yinsa a babban kwano a rarraba, kowane baƙo a tambulan ɗinsa a ke haɗa masa. Ƙanshin lemon nan ya cika tsakar gida.

Sunan abin kaifirinya. Kaifira a bakinsu baƙauye ne, don haka sunan kamar a ce “'yar ƙauye.” Ana ba da labari wai asalinta maganin mura ne na mutanen karkarar San Faulo, lokacin babbar murar 1918: lemun tsami da zuma da tafarnuwa da ɗan ruwan kwalba. Daga baya aka yar da tafarnuwa, sukari ya maye gurbin zuma, aka ƙara ƙanƙara. Na ce a raina, ban da na kwalban ai wannan maganin kakata ne sak. Yanzu 'yar ƙauye ta zama 'yar birni, har dokar gwamnati ta 2009 ta faɗi abin da za a sa a ciki kafin a kira ta da sunan nan: lemun tsami, da sukari, da kashasa.

Kashasa ita ce ta cikin kwalba. Barasa ce.

Dona ta goge gindin tambulan, ta miƙo mini da hannu biyu tana murmushi, ni ta fara ba kafin kowa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ku da kanku kun san yadda a ke ji in ka tarbi baƙo da fura ya kau da kai. Ga tsohuwa sa'ar uwata ta ɓata lokacinta, ga baƙi na kallo. Na russuna na ce, “Dona, ki yi mini haƙuri, ki gafarce ni, mu ba mu sha.” Aka fassara. Ta dubi cikina ta ce, “'Yata, juna biyu gare ki?” Aka yi dariya, har maigida. Jikanyar ta gaya mata mu Musulmi ne daga Nijeriya, Hausawa. Sai tsohuwan nan ta ajiye tambulan, ta ƙura mini ido, ta ce, “Male!” Ta sake faɗa, “Male.” Ta dafa kafaɗata. Ban san abin da ta ke nufi ba, na dai ga ba fushi ba ne. Jikanyar ta ce, “Anti, bari sai gobe. Zan kai ki ki ga rake tukuna, sa'an nan in gaya miki.”

Da safe ta kai mu wata 'yar gona bayan gari inda a ke matse rake. Ina shiga rumfar sai na ji ƙanshin da na sani tun ina yarinya. Ga ruwan rake na tafasa a wani faffaɗan kasko, mutum na kwashe kumfa da ludayi mai dogon hannu, in ya yi kauri a zuba a ma'auni ya daskare. Mazarƙwaila! Su rafadura su ke ce mata, amma ita ce dai, launinta da ɗanɗanonta, kamar daga Maƙarfi aka kawo. A ɗaya ɗakin kuwa ba dafa ruwan a ke yi ba. Zuba shi a ke yi a manyan ganguna a bar shi da yis kamar kwana ɗaya, ya yi ta kumfa yana tsiyaya, har zaƙin ya ƙare. Sa'an nan a juye a wata tukunyar tagulla mai dogon wuya a hura wuta. Tururin ya bi wuyan, ya ratsa bututun da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗigowa. Na farkon da ya fito kai su ke ce masa, zubarwa a ke yi don yana da guba. Na ƙarshe wutsiya, shi ma a ware. Na tsakiya, zuciya, shi ne kashasa. Dokarsu ta ce ƙarfinta daga kashi 38 zuwa 48 cikin 100, kuma sai wadda aka yi a Barazil da ɗanyen ruwan rake. Laƙabinta ba ya ƙidayuwa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne “ruwan da tsuntsu ba ya sha.” Na ce ashe ni da tsuntsu ra'ayinmu ɗaya.

Na tsaya ina kallon injin matsar. Ƙarafa ne masu juyi, yaro na tura sanda ta nan, tana fita ta can a bushe. A nan yarinyar ta soma ba ni labari.

Ta ce mutanen Fotugal sun kafa noman rake a Barazil tun wajen 1532. Rake kuwa ba ya jira, in an sare shi sai a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya yi tsami. Saboda haka in kaka ta yi, ma'aikatun nan ba su tsayawa, dare da rana, wata da watanni. Wa zai yi aikin? Bayi. Daga farkon cinikin zuwa 1850 da aka hana shi, mutanen Afirka fiye da miliyan 4 aka sauke a Barazil, ba ƙasar da ta karɓi kamar haka. Bautar kanta ba a soke ta ba sai ran 13 ga Mayu 1888. Tura rake a bakin injin kuwa, yawanci mata a kan sa. In barci ya fizgi mace cikin dare, ƙarfen ya kama yatsu, ba ya saki, sai ya ja hannu har kafaɗa. Don haka a kan ajiye adda a gefe, a sare hannun a ceci sauran jiki. Na dubi hannun yaron nan da ke tura rake, na kau da kai.

Kumfar da a ke kwashewa daga kaskon farko, ita aka fara kira kashasa, dabbobi a ke zuba wa. Daga baya da aka iya tace barasa sai sunan ya bi ta. Iyayengiji su kan ba bayi ita don su jure aiki. A kan kuma loda ta a jirgi, tare da taba ta wannan yankin, a kai bakin tekun Afirka a sayo waɗansu bayin. Watau gumin bawa shi ke sayo ɗan'uwansa.

To, ga inda zancen ya iso ƙofarmu. Bayan 1804, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka game ƙasar Hausa, kamammu da yawa aka gangara da su kudu, hannu zuwa hannu, ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa har bakin ruwa, jiragen Bahiya kuwa na can suna jira. Nan ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, ba Bature ne ya zo Gobir ko Zazzau ya kama su ba. Mu muka kama juna, muka karɓi wuri da tufa. Ba a daɗe ba Hausawa suka yi yawa a Salbador da gonakin rake, takardun gwamnati na lokacin sun cika da sunansu. A Mayu 1807 aka tona wani shiri nasu na tawaye, har da niyyar kama jirage su komo gida. A Fabrairu 1814 suka tashi a wani ƙauyen masunta wai shi Itafuwan, aka yi ɓarna ƙwarai kafin a ci su. Shugabansu na wannan karon, takardun shari'a “malomi” suka kira shi. Da yarinyar ta faɗi kalman nan sai na ji tsigar jikina ta tashi. Malami ne, bakin Bature ya karkata shi.

Babban tashin shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Musulmi wajen 600, bayi da 'yantattu, suka fito titunan Salbador cikin fararen riguna, da takubba, da layu a wuya. Yawancinsu Yarabawa ne a wannan karon, amma da Hausawa da Nufawa a ciki. Cikin malaman da aka kama har da wani Bahaushe 'yantacce mai sayad da taba, wanda a ke kira Dandara. An riga an kai tsegumi, don haka suka fito kafin lokacin da suka shirya, aka yi ta artabu har wajen asuba, sojan doki suka murƙushe su a bakin ruwa. Wajen 70 suka mutu a daren. Aka harbe 4 daga baya, aka yi wa waɗansu bulala ɗari-ɗari, aka kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka. Zuriyar masu komowa daga Barazil suna nan har yau a Ikko da Ankara. Waɗannan Musulmin su a ke kira Male, daga kalmar Yarabanci mai nufin Musulmi. Abin da Dona ke nufi ke nan.

Da muka koma gida yarinyar ta ɗauko littafin wani malamin tarihi na Bahiya, João José Reis, wanda ya fito a 1986. A ciki akwai hotunan takardun da 'yan sanda suka ciro daga layun mutanen nan, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar takardun jihar. Ita ba ta iya karanta su. Ni kuwa ina dubawa na ga Bisimilla, da irin rubutun da na koya a allo a zauren malam, wasali da ɗigo duk irin namu. Na karanta mata abin da na iya. Dona ta bar abin da ta ke yi ta zo ta tsaya a kanmu. Na tambaye ta ko ta san daga ina kakanninta suka fito. Ta ce, “'Yata, wa zai gaya mini? Kakar uwata a gonar rake aka haife ta, sunan ubangijinta ta ke amsawa. Iyakar abin da na sani ke nan.” Ni kuwa tunanina ya tafi ga malamin da ya yini yana saran rake da azumi a bakinsa, da magariba a miƙo masa ƙoƙon kashasa a ce ladan aikinsa ne. Ni da na ce ba na sha, haƙuri kaɗai na bayar aka yi dariya aka wuce.

Da la'asar Dona ta aiki yaro kasuwa da kwalba, ya komo da ɗanyen ruwan rake wanda aka matse yanzu-yanzu. A kowace kasuwa tasu akwai mai injin matsa, yara da manya na sha da ƙanƙara. Ta ce in matso, yau ni zan yi da hannuna. Ga shi kuwa na kawo muku tsaraba, don ba abin da babu a kasuwarmu. Ki sami lemun tsami, in irin namu ne ƙanana ki sa 2, ki cire ƙwallayen. Ki murza, ki gutsure kai da gindi, ki yanke farar jijiya. Sukari rabin cokali ya isa, don kawai ya taimaka wajen goge ɓawon, gama ruwan rake ya riga ya ɗauko zaƙinsa. Ki danna a hankali da gindin muciya ko ludayi. Ki sa ƙanƙara, ki cika da ruwan rake. In ba mai inji kusa, ki feƙe rake ki yayyanka ƙanana, ki daka a turmi mai tsabta ki tace da ƙyalle. Sai dai a sha nan take, don ruwan rake ba ya kwana, cikin ɗan lokaci ya kan yi duhu, in ya daɗe ya juya ya kama hanyar abin da muka guda.

Wani abu kuma da Dona ta matsa mini a kai, ta ce in gama in wanke hannu da sabulu kafin in fita rana. Ruwan lemun tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi, ya kan ƙona wurin ya bar baƙin tabo na watanni, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. Masu shafa lemo a fuska su fita tsakar gida, kun dai ji.

Na farkon da na haɗa ya yi ɗaci, don hannun da ya saba da dakan gero ba ya jin lallashi. Dona ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta zubar a gindin fure, ta miƙo mini wani lemon. Na biyu ta kurɓa ta yi shiru, ta sake kurɓa. Sa'an nan ta tura kwalbar kashasar ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta miƙo tambulan ɗinta ta ce in haɗa mata nata.